Biyan Kuɗin Juyen Mota Tun Ranar Saye: Riba ko Asara?

Wasu dillalan sabbin motoci kan ce mu biya kuɗin juyen baƙin mai da canjin filta na shekara 2 ko 3 tun ranar saye, wai farashi ba zai tashi ba. Mu masu bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, tambayarmu ɗaya ce: ina garejin? In a Yamai yake, tafiyar sama da kilomita 600 ce, man zuwa da dawowa ya cinye rangwamen. Kuma jari ne aka ɗaure. Da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, sai da aka yi wata 16, mota na ajiye, wa'adin yarjejeniya na tafiya. Alhaji, kafin ka sa hannu, tambayi ko ana mayar da saura in ka sayar da motar.