Ƴanta Wuya a Zamaninmu: Ceton Waɗanda Aka Yi Fataucinsu

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci ɗan Adam ya karrama shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare a Bambeye da Tawa da sauran garuruwan Adar, darasinmu na yau a kan ƴanta wuya yake.

Duk mai karatun fiƙihu ya san kaffarar wanda ya karya azumin Ramalana da gangan: ciyar da miskinai 60, ko azumin wata biyu a jere, ko ƴanta bawa. Idan muka zo kan na ƙarshen, sai mu wuce da sauri, mu ce ai babu bayi yanzu. Gaskiya ne babu bautar da shari'a ta yarda da ita a yau. Amma akwai ƴaƴa waɗanda aka mayar haja, wasunsu ma daga gidajenmu suka fita.

Hukuncin sayar da ɗa a bayyane yake. Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi cewa Allah da kansa zai zama abokin husumar mutum uku ranar Alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Wajen shekarar 1615, Shehu Ahmadu Baba na Tumbutu ya amsa tambayar mutanen Tuwat, ya lissafa Kano da Katsina da Gobir da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Ashe malamanmu sun daɗe da yanke wannan magana.

Fataucin na yau fuska biyu gare shi. Ta farko tana cikin gida, ita ce wahaya: a sayi yarinya a ajiye ta bayan mata huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure, a ce mulkin dama ce. Ina yaƙin da aka kamo ta? Ɗiya ce, sayenta haramun ne, kusantarta kuma ba aure ba ne. Hadizatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan jika 240. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta tsaya mata, har kotun CEDEAO ta yanke hukunci a Yamai ranar 27 ga Oktoba 2008, ta ce ƙasa ta gaza kare ta, a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Tun 2003 dokar Nijar ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga mai bautar da mutum.

Fuska ta biyu tana kan hanyar ci-rani. Mu mutanen Adar mun gaji fita nema daga iyaye da kakanni, kuma neman halal ba aibi ba ne. Ga inda tarkon yake. Dillali ya zo da zaƙin baki, ya ce zai biya kuɗin mota, a biya shi in an fara aiki. Da an wuce Agadas, sai bashin ya ninka, a karɓe takardu, a miƙa yaro daga hannu zuwa hannu. A Libiya akan kulle shi a wani gida, a buga wa iyayensa waya ana dukansa suna ji, har su sayar da gona ko bisashe. Mace kuwa a ce mata aikatau za ta yi, ta iske abin da baki ba ya iya faɗa. A Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. A Nuwamba 2017 duniya ta ga hotunan da aka ɗauka a Libiya ana gwanjon mutane.

To wane ne mai ƴanta wuya a yau? Shi ne mai aikin sa kai, wanda ya bar inuwar gidansa don fitar da ɗan'uwansa daga ƙangi. Akwai masu sintiri da babur mai ƙafa uku a hamadar Asamaka, suna kwaso waɗanda aka zubar a bakin iyaka, nisan kilomita 15 daga gari. Akwai ƴan ci-ranin da ke haɗa kuɗi a ƙasar waje, su nemo wanda ya ɓace, su kai sunansa ofishin jakadanci ko hukumar ƙaura ta OIM don a mayar da shi gida. Magabacinsu shi ne Sayyidina Abubakar, wanda ya fanshi Bilal da dukiyarsa.

Sai dai aikin yana da ladubba. Na ɗaya, kada a yi shi a ɓoye wa hukuma. Dokar 16 ga Disamba 2010 ta kafa hukumar yaƙi da fataucin mutane, ga kuma jandarma da alƙalai. Na biyu, kada a yi gaggawar aika kuɗin fansa ba shawara, domin sau da yawa biya na farko shi ke jawo buƙata ta biyu. Na uku, a rufa asirin wanda aka ceto, kada a yi yawo da hotonsa a waya. Malamai sun saɓa kan fansar kamamme da zakka, amma sadaka ba wanda ya hana.

Mu da ke gida ma da rabonmu. Uba ya tambayi mai ɗaukar ɗansa: ina za a kai shi, wane aiki, nawa ne bashin, wa zai riƙe takardunsa? Liman ya ƙi halartar duk abin da ya yi kama da sayen ɗiya. Wanda ya dawo hannu wofi a tarbe shi da fura da fuska sakakkiya, a ba shi jari ko gona, domin gori ne ke mayar da da yawa hamada. Yarinyar da aka zalunta kuwa ba ta da zunubin abin da aka tilasta mata, kada a hana ta miji saboda shi.

Allah ya kuɓutar da duk wanda ke tsare, ya mayar da matafiyanmu lafiya, ya ƴanta wuyoyinmu daga wuta albarkacin wannan wata. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.