Lasisin haƙƙin ƙirƙira a binciken kwal

Lasisin haƙƙin ƙirƙira yarjejeniya ce da jami'a ke ba kamfanin da ya ɗauki nauyin bincike izinin amfani da abin da aka gano, kamar dabarar rage hayaƙin kwal, shi kuma ya riƙa biyan ta wani kaso na cinikinsa.

A Amurka, dokar Bayh-Dole ta 1980 ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati. A Najeriya kuwa, dokar 1970 tana ba wanda ya ba da aikin wannan haƙƙi, wanda wa'adinsa shekara 20 ne. Don haka jami'ar da kamfani ya ba kwangilar binciken kwal, irin na Maiganga a Gombe, tana iya rasa mallakar ƙirƙirarta muddin ba ta gindaya sharaɗi a rubuce ba.