Rage Tuwo Domin Ciwon Sukari: Abin Da Aka Koya A Faransa

Zancenmu na yau a kan rage cin abinci mai sitaci ne, watau irin su tuwo da shinkafa da doya da burodi, domin rage ƙiba da lallaɓa ciwon sukari. Waɗansu suna tsammani sabuwar dabara ce. A'a, ta daɗe, Faransa kuwa tana cikin ƙasashen da aka fara gane ta.

Cikin watan Satumba na 1870 mayaƙan Jamus suka kewaye Faris, babban birnin Faransa, har zuwa Janairu na 1871. Abinci ya yanke, har mutane suka koma cin dawaki da ɓeraye. A birnin akwai wani likita, Apollinaire Bouchardat, wanda ya daɗe yana duba masu ciwon sukari. Sai ya lura da wani abin mamaki: waɗansu majinyatansa da yunwa ta tilasta wa rage ci, sukari ya ɓace daga fitsarinsu. Dā ma yakan hana su abinci mai sitaci, ya sa su motsa jiki, su riƙa gwada fitsarinsu da kansu. Abin da ya gani ya ƙara tabbatar masa da ra'ayinsa.

To, mene ne dalili? Sitaci in ya shiga ciki, narkewa ya ke yi ya zama sukari, sa'an nan ya bi jini. Mai lafiya jikinsa yakan kwashe shi nan da nan, amma na mai ciwon ba ya iyawa sosai. Saboda haka in an rage abin da ke shiga, sai abin da ke taruwa ya ragu.

Amma fa akwai sauran magana. Wani masani, Claude Bernard, wanda ya yi yaron kantin magani a birnin Liyon kafin ya tafi Faris inda ya koyi likitanci, ya nuna a 1848 cewa karen da ba a ba shi kome sai nama, duk da haka akwai sukari a jininsa. Ashe hanta ce ke yin sa. Watau ko mutum ya bar tuwo ɗungum, jikinsa ba zai rasa sukari ba. Rage sitaci taimako ne babba, amma ba shi ne ƙarshen jinya ba.

Binciken zamaninmu ya nuna wannan hanya takan rage nauyi da sukarin jini a watannin farko. Bayan shekara ɗaya ko biyu kuwa, ba ta cika fin sauran hanyoyin rage ci da yawa ba. Wadda mutum zai iya ɗorewa a kanta ita ce tasa.

Wanda ya yi niyyar farawa, sai ya fara da barin lemon kwalba da zuba sukari a koko da shayi. Mai cin malmala biyu ya koma ɗaya, ya cike gurbin da zogale da alayyaho da kuɓewa, da kifi ko ƙwai ko gyaɗa. Wake yana da sitaci, amma a hankali ya ke narkewa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga gargaɗi kuma, ku saurara da kyau. Wanda ke yin allurar insulin, ko ya ke shan ƙwayoyin rage sukari, kada ya fara sai ya ga likita. In abinci ya ragu magani bai ragu ba, sukari yana iya faɗuwa ƙwarai, mutum ya kama rawar jiki da gumi da jiri, har ya suma. Kada kuma kowa ya bar allurarsa da kansa, musamman yara. Mata masu ciki da masu ciwon ƙoda su ma sai da shawarar likita.

Nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.