Jitar da hunturu ya tsaga, da icen da muke mayarwa gawayi

In kana zaune a Sabon Tasha ko Narayi ko Barnawa, ba sai an gaya maka ba. Yammacin Asabar na yi za ka fara jin sautin jita, ko daga cocin da matasa ke gwajin waƙa, ko daga ɗakin wani da ke fafutukar a san shi a TikTok. To amma ka taɓa leƙa ramin nan na tsakiyar jita ka karanta 'yar takardar da aka manna a ciki? Gwada yau. Yawanci sunan China za ka gani, wani lokaci Indunusiya. Ni dai har yanzu ban ci karo da wadda aka rubuta Najeriya ba.

Abin da ya sa na fara leƙe-leƙen nan, jitar abokina ce da muke ɗaki ɗaya. Gwanjo ce daga Turai, kuɗin aljihunsa na zango guda ya tara ya saye ta. Wani dare cikin Janairu muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Da gari ya waye sai ga tsaga a fuskarta, tun daga inda ake ɗaure tsirkiya har ƙasa. Wallahi ranar ko lacca bai je ba. Muka kai ta wurin wani dattijon kafinta a Kakuri, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ce, "Yarana, ai ƙishirwa ce ta kama ta."

Dariya muka yi, ashe gaskiya ya faɗa. Katako ko an sare shi bai daina shan laimar iska yana fitarwa ba. Masu haɗa jita a waje suna aiki ne a ɗakin da laimarsa ke wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa a tsakiyar hunturu takan sauka ƙasa da 20. Fuskar jita ba ta kai kaurin milimita 3 ba, ga tsirkiyoyin ƙarfe shida na janta da nauyin da ya kai kusan kilo 70, dare da rana. In ta bushe ta tsuke, gefe ya riƙe ta gam, dole wani wuri ya buɗe. Abin haushin ma, mai kyau ita ta fi saurin tsagewa, don fuskarta zallar katako ce. Ta filawud mai araha ta fi jure hunturu, sai dai muryarta kamar ta mai mura.

Fuskar nan ita ce ran jita. Tsirkiya ita kaɗai sautinta bai taka kara ya karya ba, fuskar ce ke rawa ta tura iska har ka ji. Shi ya sa ake neman ice mara nauyi amma mai ƙarfi, kamar sifrus na ƙasashen sanyi, a manna masa 'yan sanduna ta ciki su tallafe shi. A 1862 wani gwanin haɗa jita ɗan Sifaniya, Antonio de Torres, ya haɗa wata da kwali a baya da gefe, fuskar kawai ya yi da icen kirki, kuma ta yi sauti. Riƙe wannan labarin, za mu dawo kansa.

Baya da gefe da wuya kuwa, a nan namu itatuwan ke shigowa. Ka san maɗaci, wanda ake sassaƙar ɓawonsa a jiƙa don ciwon ciki? Danginsa ne, Khaya, manyan kamfanoni ke saye da sunan mahoganin Afirka suna yin wuya da bayan jita, ko da yake sun fi ɗaukar ɗan'uwansa na kurmi. Akwai ma jitocin da har fuskarsu mahogani ce, kamar wasu na kamfanin Martin na Amurka. Kanyar da muka sha 'ya'yanta muna yara, danginta ne baƙin icen nan na eboni da ake shimfiɗawa inda yatsu ke dannawa.

Sai maɗobiya, kuma nan labarin ya yi ɗaci. Ita ce 'yan katako a Taraba ke kira Madrid. Shekaru kaɗan aka yi ana jidar ta kwantena-kwantena zuwa China, inda ake kayan ɗaki na alfarma da ita, har dazuka suka yi sanƙo. A farkon 2017 ta shiga jerin CITES, yarjejeniyar duniya da ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. A taron Panama na 2022 aka saka dangin maɗaci su ma a jerin. Duba fa, ba jita ce ta cinye dazukan nan ba, abin da jita ke ci kaɗan ne. Amma mu muka sayar da gungume a banza, wanda bai samu shiga mota ba muka ƙone shi gawayi, sannan muka koma muna sayen filawud da dala.

Maƙwabtanmu sun ɗan gwada wata hanya. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da wani abokin hulɗarsa na Sifaniya suka sayi masana'antar yankan eboni ta Crelicam a Yawunde, Kamaru. Can suka gano masu sara na kayar da bishiyoyi da yawa su bar su a daji su ruɓe, don kawai cikinsu ba baƙi wuluk ba ne, yana da ratsi. Sai kamfanin ya fara saye har da mai ratsin yana sa wa jitocinsa masu tsada, daga baya aka shiga dashen sabbi. Kar ka ɗauke su waliyyai, kasuwarsu suke karewa. Amma dai ana yanka katakon a Kamaru, 'yan Kamaru ke cin albashin.

Yanzu mu koma kan Torres. In baya da gefe ba su ne komai ba, me zai hana a gwada abin da ke ƙofar gida? Darbejiya da ta cika unguwanninmu gidansu ɗaya da maɗaci a wajen masana tsirrai. Icen mangwaro ana yin ƙananan jitoci da shi a Hawai. Kamfanin Taylor ɗin nan ya taɓa haɗa jita da katakon dakon kaya da aka yar a bayan masana'anta, yanzu kuma yana amfani da bishiyoyin da aka cire daga titunan Kalifoniya. Mu nan duk lokacin da aka faɗaɗa titi, ina bishiyoyin ke zuwa? Murhun mai ƙosai.

Kuma ba baƙi ba ne mu a wannan sana'a. Mai gurmi da mai garaya da mai goge ba su jiran kwantena, ƙwarya da fata da sanda sun ishe su. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Mdou Moctar na Nijar, da yanzu ke cika dandali a Amurka da Turai, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa, wayar birkin keke ce tsirkiyarta. Ga Kakuri, unguwar da ta ɗauki masaƙu da kamfanin Peugeot, har yau cike take da masu hannu, wasunsu zaune ba aiki.

Ba zan yaudare ka ba, abin ba sauƙi. Awo ba ya son kusa-kusa: ƙarfe na 12 a wuyan jita dole ya zauna a tsakiyar tsawon tsirkiya, in ka kauce kaɗan duk waƙar ta karkace. Busar da katako kuma sai haƙuri, ƙa'idar kafintoci ita ce kusan shekara guda ga kowane inci na kauri, mu ko mun saba a sare yau a buga gobe. Sannan jitar da mutum ya ɓata makonni a kanta ba za ta taɓa yin arahar ta China ba. A ganina wanda ke son shiga ya fara da gyara. Jitocin da suka tsage ko wuyansu ya lanƙwashe suna nan jibge a bayan coci-coci da ƙarƙashin gadaje daga Talbijin har Gonin Gora. Ka buɗe goma, ka san cikinta fiye da wanda ya kwana a YouTube. Kuma wadda aka haɗa a busasshiyar iskarmu ta riga ta san hunturu.

Ta abokina dai dattijon ya sa mata gam, ya tallafe tsagar da 'yan ƙananan katako ta ciki. Ya ce daga Nuwamba zuwa Maris ta riƙa kwana cikin jakarta, da ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu da aka huhhuda. Da za mu tafi ya nuna mana wani falankin darbejiya a jingine a inuwa, ya rubuta kwanan wata a jikinsa da alli. Abokina ya tambayi nawa zai sayar. Ya ce mu dawo baɗi war haka mu ƙwanƙwasa tukuna.