Fararen Duwatsu a Kan Kunyoyi

Wani hoto ne ya nuna wasu fararen duwatsu masu ƙyalli, zube a kan jar ƙasa wadda ta yi layi-layi kamar kunyoyin gona. Wadda ta ɗauka ta ce a kicin ɗinta ne, daga nan ta ja bakinta. Wani ya ce ƙanƙara ce, wata ta ce fasasshen gilashi.

A fara da dishi-dishin. Dutse ɗaya ne kawai ya fito sarai, na gabansa da na bayansa duk sun dushe. Haka kyamara take yi idan aka kusanto da ita ƙwarai: wurin da ke fitowa tangaram yakan tsuke har ya gaza milimita ɗaya. Ke nan duwatsun mitsi-mitsi ne. Da ƙanƙara ce, da ta narke kafin a danna waya.

To, kunyoyin fa? Ba miƙaƙƙu ba ne, sun lanƙwasa suna zagaye juna, ga 'yan ramuka jere a kansu. Zanen yatsa ne, ramukan kuma ƙofofin gumi. Tsakanin layi da layi kusan rabin milimita ne, kuma babu dutsen da ya wuce haka. An samu ma'auni.

Wane farin abu ne ke manne wa yatsan mai girki? Uku ake zargi. Farin magi ya kuɓuta nan take, domin ƙwayarsa doguwa ce siririya. Sukari ya fi wuyar wankewa, don shi ma yana ƙyalli, sai dai ƙwayarsa ta fi tsawo ta gefe ɗaya, kusurwoyinta a karkace. Waɗannan kuwa fuska shida gare su, kowace murabba'i, daidai da 'yar uwarta. Wannan ƙirar gishiri ce. Sodiyam da kulorin da suka haɗu suka yi gishirin suna jeruwa bi da bi ta kowace fuska, kuma tsarin da ido ba ya gani a ciki shi ne ya fito fili a waje. Nan ne hoton ya fi burge ni.

Saura a san wane gishirin. Kantun Bilma sai ya sha daka a turmi, ya fito a farfashe, da launin ƙasa a jikinsa. Waɗannan fari ne tas, girmansu kusan ɗaya, alamar a masana'anta aka tace ruwan gishirin aka ƙafar da shi. Na leda ne.

Da aka kawo nan ta amsa. Ta ce yatsa ta jiƙa ta dangwala a robar gishiri, bayan ta maƙala wa kyamarar wayarta ɗan gilashin da ke ƙara girman abu.