Yadda Ake Auna Bayas a Na'urar Ƙara Sauti Mai Bawul

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi bayanin wani aiki da muke koya a ƙungiyarmu ta kimiyya, wato auna bayas. Bawul wani kwan gilashi ne da Fleming ya ƙago a Ingila a 1904. Ko da yake tiransisto ya maye gurbinsa, har yau makaɗan jita suna son na'urorin Marshall da Fender masu bawul saboda daɗin amonsu.

A cikin bawul akwai katod mai fitar da lantarki, da faranti mai karɓa, da raga a tsakaninsu mai aiki kamar kan famfo. Ko ba a kiɗa, akwai ɗan lantarkin da ke gudana, kamar motar da aka tayar aka bar ta tsaye. Daidaita wannan shi ne bayas. In ya yi yawa, faranti ya yi ja wur, bawul ya ƙone, ga shi da tsada. In ya yi kaɗan, sauti ya dishe.

To, yaya za a auna? Hanyar da na fi so ita ce a sa rizista mai om 1 tsakanin katod da ƙarfen jikin na'urar. Sai a haɗa lasifika, a kunna, a rage murya gaba ɗaya, a jira bawul ya yi zafi, sannan a ɗora mita a gefe biyu na rizistan. Bisa dokar Ohm, kowane milibolt 1 da mita ta nuna daidai yake da miliam 1.

Alal misali, bawul EL34 yana jure wat 25, amma masu gyara ba su cika wuce kashi 70 cikin 100 ba, wato wat 17.5. In faranti na da bolt 450, sai a raba 17.5 da 450, a sami wajen miliam 39. Sai a murɗa maɓallin bayas sannu sannu har mita ta nuna milibolt 39.

Amma fa hattara! Kafasito yakan riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an kashe wuta, kuma yana iya kisa. Shi ya sa gwanaye ke sa hannu ɗaya cikin aljihu, don kada wuta ta bi ta ƙirji. Kada ɗalibi ya buɗe irin wannan na'ura sai malami na tsaye a kansa.