Dutsen Zagami: Baƙo Daga Wata Duniya

Duk wanda ya san yammacin ƙasar Katsina, tun daga Batsari da Runka da Safana har zuwa Faskari, ya san ƙasa ce mai duwatsu. Masana sun ƙiyasta cewa shekarun irin waɗannan duwatsu sun haura miliyan 500. Amma dutsen da ya kai sunan yankin gidajen adana kayan tarihin halitta na duniya ba ɗan ƙasa ba ne.

Ran 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa kusa da Zagami, ta ƙasar Faskari, sai ya ji ƙara mai firgitarwa. Wani dutse ya faɗo daga sama dab da shi, ya nutse cikin ƙasa wajen ƙafa 2. Da aka tono shi, nauyinsa ya kai kilo 18. Daga nan aka kai shi ma'ajiyar hukumar binciken ma'adinai a Kaduna.

Bai kamata a haɗa shi da gatarin aradu ba, domin shi wannan a wurin masana makami ne da mutanen dā suka sassaƙa. Abin da ya ɗaure wa masana kai game da na Zagami kuwa shi ne ƙuruciyarsa. Galibin duwatsun da ke faɗowa daga sama shekarunsu kusan miliyan 4,500 ne, shi ko wajen miliyan 180 kacal, watau ƙane ne ga duwatsun Runka. Dutse mai ƙarancin shekaru haka, wanda ya narke sannan ya daskare, lalle daga babbar duniya mai aman wuta ya fito. A 1995 aka sami hujja mai ƙarfi: iskar da ta maƙale cikinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a duniyar Mirrihu, watau Mas, a 1976.

Abin takaici, tun 1988 wani ɗan kasuwar Amurka, Robert Haag, ya mallaki babban kaso daga cikinsa, aka yi ta yankawa ana sayarwa. Har an sa ɗan ɓarɓashinsa cikin kumbon da aka harba zuwa Mirrihu a 1996. Ɗalibin Runka kuwa, sau da yawa ko labarin dutsen bai ji ba.